Sawun da Ya Shige Bango

Mai shara ce ta fara ganin dakalin babu komai a kai. Ta shiga ɗakin duwatsu da safiyar Talata, ta goge gilasai biyu, ta juyo ta ga mazaunin Baƙin Dutse fayau. Ba ta yi ihu ba. Ta je ta tambayi Kafinta ko an riga an kai shi sabon gini. Kafinta ya yar da zarto ya biyo ta a guje.

Baƙin Dutse ƙarfe ne da ya faɗo daga sararin sama. Girmansa bai wuce na kabewa ba, amma sai ƙarti biyu ke iya ɗaga shi. Shi ne abu na farko da Gidan Kimiyya ya mallaka, kuma shi aka shirya zai tarbi baƙi a zauren sabon ginin da za a buɗe a ƙarshen mako.

Kafin rana ta take, gidan ya dare gida-gida. Masu jagorar baƙi suna zargin magina, magina suna zargin masu gadi, kowa kuma ya tuna ya ga wata motar kaya, sai dai ba a sami mutum biyu da suka yarda da launinta ba.

'Yan sanda suka sami sawu. Ɗakin duwatsu ƙofa biyu gare shi: babba mai kallon harabar gida, da ƙarama mai buɗewa cikin wani dogon lungu da aka rufe saboda gyara. Farar ƙurar filasta ta kwanta a lungun, a kanta kuwa ga sawun mutum ɗaya da na tayar amalanke, yatsun ƙafa suna kallon ɗakin. Suka ce ɓarawo ya shigo ta baya da amalanke, ya ɗora dutse, ya fita ta gaba. Ranar Litinin gidan a rufe yake, ƙofar waje ɗaya ce ke aiki, Maigadi ne kuma a bakinta. Aka tambaye shi, ya ce bai ga komai ba. Aka tsare shi.

Saura 'yan watanni Maigadi ya yi ritaya. Sufeton 'yan sanda ya gaya masa a fili cewa in bai yi magana ba za a kai shi kotu kafin ranar buɗe gini, in kuma aka same shi da laifi, aikin da fanshon da sunan duk sun tafi.

*

Sufeton ne da kansa ya ɗauko Mai Sawu washegari. Tsohon jami'in gandun daji ne, dogo, mai furfura, wanda 'yan sanda kan nema in an kore shanu ko yaro ya ɓata a jeji.

"Baba, yau ba daji ba ne," in ji Sufeto a mota. "Tayil ne da gilashi. In ka ga ba za ka iya ba, faɗa mini tun yanzu in sauke ka a tasha."

"Kai da ka kama ɓarawo, me kake nema da ni?"

"Na kama mutum. Dutse nake nema. Kuma gaskiya tsohon nan bai yi mini kama da mai sata ba."

Darakta ta tarbe su a zaure. Masaniyar duwatsu ce, ba ta daɗe da karɓar gidan ba, idonta ya nuna ba ta samu barci ba. Ta ce hanya mafi sauƙi ta gane gidan ita ce a bi shi daga sabo zuwa tsoho, ta wuce gaba.

Sabon gini gilashi ne da ƙarfe. Bayansa ɗakin taurari ne mai rufi kamar ƙwarya a kife. Bayan wannan zauren injuna, inda aka fara shigo da tsohon kan jirgin ƙasa sannan aka gina bango a kewaye da shi. Sai ɗakin dabbobi, sai ɗakin duwatsu. Ba a taɓa rushe wani don a gina wani ba, jingina kowanne aka yi da wanda ya riga shi, shi ya sa daɓen ke canzawa a kowace ƙofa.

"Farkonsa fa?" in ji Mai Sawu.

"Aji ɗaya ne," in ji Darakta. "Wani malamin kimiyya ne manoma suka kawo wa dutsen a kan jaki. Ya ɗora shi a tebur, ya haɗa da ƙoƙon kan kada da wani madubin hangen taurari da ya gyara da hannunsa, ya riƙa buɗe wa yara ƙofa bayan an tashi. Makarantar ta ƙaura, ajin ya zauna. Mu nan Tsohon Malam muke ce masa. Yana nan da rai, amma idonsa ya tafi."

A ɗakin duwatsu suka iske wata mace mai shekaru tana naɗe igiyar da ake tare baƙi da ita. Darakta ta ce ita ce shugabar masu jagora, yara ke kiranta Goggo har sunan ya bi ta.

"Ina cikin ajin da aka fara nuna wa dutsen," in ji Goggo da aka tambaye ta. "Gefensa ɗaya sumul yake kamar cokali. Hannun yara ne. Duk wanda ya girma a garin nan ya taɓa shi."

"Hannun ne ke cinye shi," in ji Darakta. "Ƙarfe ne, gumi kuma gishiri. Kowane wata sai mun share tsatsa a ƙarƙashinsa. Na sa an yi masa akwatin gilashi da babu danshi a ciki, in an rufe an rufe ke nan. Na san an tsane ni a kan haka."

Goggo ta ajiye igiyar. Ta dubi Sufeto ta ce, "Yallaɓai, abincin da na aika wa Maigadi jiya ya ci kuwa?"

"Ya ci rabi, Goggo."

*

Mai Sawu ya hana kowa shiga lungun. Ya tsuguna a bakin ƙaramar ƙofa, ya karɓi tocilan, ya kwantar da haskenta a ƙasa. Ya daɗe a haka har Sufeto ya fara duba wayarsa.

"Takalmin ba shi da zane," in ji Sufeto. "Safar ƙyalle ce da ake ɗorawa a kan takalmi saboda sabon daɓe. Kowa a gidan nan yana da ita."

"Na gani. Zo nan, ɗana. In kana tura amalanke, wa ke gaba?"

"Amalanke."

"To wa zai taka sawun wani?"

"Ni zan taka nata."

"Duba."

Sufeto ya duƙa. A wurare da dama taya ce ta bi ta kan sawun ƙafa ta raba shi biyu.

"Mutumin ne a gaba, tana binsa," in ji Mai Sawu. "Kuma dubi yadda yatsu suka fara nutsewa kafin dunduniya. Da baya-da-baya yake tafiya. Ba shigowa ya yi ba, fita ya yi, kuma da kaya, don tayar ta danne ƙura har siminti."

Darakta ta leƙa bayan wani kabad. Tsohuwar amalanken da ake ajiyewa a nan ba ta nan. Ba wanda ya lura, don an daɗe da daina amfani da ita.

"Me zai sa mutum tafiya da baya?" in ji Sufeto.

"Dabarar ɓarayin shanu ce, don mai bi ya nufi inda suka fito. Wannan gwani ne. Ka nemi wanda ya taɓa zaman daji."

Sufeto ya ɓata rabin yini yana tantance magina a kan wannan magana. Ya sami biyu da suka taɓa kiwo. Dukansu ranar Litinin suna saman rufin sabon gini, a gaban mutum goma.

*

Aka kawo Maigadi ofishin Darakta. Gajere ne, yana ɗingisa ƙafar hagu. Ya gaida kowa da sunan aikinsa, ya ƙi zama sai da aka matsa masa.

"Me ya sami ƙafar?" in ji Mai Sawu.

"Akwatin ƙashin giwa ne ya faɗo mini, lokacin ina cikin masu ɗaukar kaya. Na ɗauka sallama ce. Tsohon Malam ya ce, ƙafa ce ta lalace ba ido ba, je ka zauna bakin ƙofa."

"Idon kuma ranar Litinin bai ga komai ba?"

"Bai gani ba."

"Ɗan'uwa, ni da kai tsara ne, kada mu yi wa juna wasan yara. Dutsen bai bi ta ƙofarka ba, wannan na sani. Ka gaya mini wa ya shigo cikin ma'aikata, kawai."

"Litinin ranar gyara ce. Kowa na shigowa."

"Ka san kotu za a kai ka?"

"Yallaɓai ya faɗa mini."

"Iyalinka fa?"

Maigadi ya dubi hannayensa. "Sun san ni," ya ce.

Da aka fita da shi Mai Sawu ya ce, "Wanda bai san komai ba surutu yake yi, ya rantse, ya zargi maƙwabcinsa. Wannan shirun na mai tsaron wani ne."

*

Kafinta bai jira tambaya ba. Yana ganinsu a bakin shagonsa ya ce, "E, na faɗa. Na ce da a kulle shi a gilashi gara a sace shi. A gaban kowa na faɗa, in an kai ni gaban alƙali ma zan maimaita."

"Kai ka yi dakalin?" in ji Mai Sawu.

"Da wannan hannun. Tsayinsa ɗaya da tsohuwar amalanke, da gangan. Ka shimfiɗa bargo, ka ja, dutse ya zame ya hau. Ko yarinya za ta iya."

"Wa ya san haka?"

"Duk wanda ya yi aiki a nan kafin a kawo waɗannan kekunan masu batir."

Sufeto ya gyara tsayuwa. "Biri ya yi kama da mutum. Baba Kafinta, ina kake ranar Litinin?"

"Tambayi Darakta. Tun safe take tsaye a kaina ina haɗa mata akwatin da na tsana. Ko ruwa zan sha sai ta ce in wanke hannu."

Darakta ta tabbatar da hakan, har da maganar wanke hannun.

*

Suka koma lungun suka bi gefen bango har ƙarshe. Can ƙura ta dame da sawun magina, amma a kusurwa layin taya ɗaya ya tsira. Ya tafi sak ya shige ƙarƙashin wani bango da simintinsa bai gama bushewa ba.

"Da can ƙofa ce," in ji Darakta. "Bayanta tsohon ajin ne. Za a rushe shi bayan buɗe gini, rufinsa ya ruɓe."

Aka kira shugaban magina. Ya ce mako mai zuwa aka tsara toshe ƙofar, amma bulo ya ragu a hannunsu ranar Litinin, sai suka dawo daga cin abincin rana suka gina kawai. Ta ƙofar gefen lungun suka shigo da kaya. Ba su leƙa ciki ba, ba su kuma gaya wa kowa ba.

Ajin yana da wata ƙofar a layin baya. Sai da suka fita titi, suka zagaya ta gaban masu gyaran babur, suka tsallake kwata, suka hau matakala mai tsayi. Makullin yana cikin zoben makullan da aka karɓa daga hannun Maigadi.

Ɗaki ne ƙarami mai tagogin katako da baƙin allo da ya tsage. Amalanken tana jikin bango. Baƙin Dutse yana kan wani tsohon tebur mai tsayi ɗaya da ita a tsakiya, bisa bargo mai ninki biyu.

Darakta ta dafa ƙofa. Sai da ta zagaya dutsen sau biyu kafin ta ce, "Lafiyarsa ƙalau."

"Lafiyar tsohon ce ba ƙalau ba," in ji Sufeto, fuskarsa ba walwala. "An ɓoye kaya a ɗakin da za a rushe, kusa da titi, makulli kuma a aljihunsa. Baba, ka zo ceto ka ƙara masa igiya."

Mai Sawu ya duƙa yana duba ƙasa. Ƙurar ɗakin ta shekaru ce, tana riƙe komai. An jawo kujera gaban tebur. Daga ƙofar titi zuwa kujerar akwai sawun mai jan ƙafa, da ɗigon sanda a gefe, da wani sawu ƙarami da ke manne da shi kafaɗa da kafaɗa. Mai sandar bai tsaya a kujera ba. Ya je jikin allo, ya bi bango zuwa taga, kuma a kan kowane abu akwai shatin tafin hannu.

"Wanda ya ɓoye kayan sata ba ya kawo baƙo ya ba shi kujera," in ji Mai Sawu. "Na yi kuskure a kan ɓarayin shanu. Amma har yanzu ban san me ya sa aka yi tafiya da baya ba."

Sufeto ya ce dole ya kai takardun kotu da safe. Ya ba Mai Sawu zuwa tashi daga aiki.

*

Mai Sawu ya zauna a kan benci a zauren sabon gini yana kallon masu jera kaya. Matasa ne, suna tura kekuna masu batir, suna hira. Can sai ga Kafinta ya fito daga ɗakin taurari da ƙaramin madubin hangen taurari a kan wani keken hannu. Bai tura ba. Ya zagayo gaba, ya kama hannun keken, ya riƙa ja da baya, idonsa a kan madubin.

"Baba, ƙeya ba ta da ido fa!" in ji ɗaya daga cikin matasan.

"A sa masa madubin mota," in ji wani.

"Ku yi ta dariya," in ji Kafinta ba tare da ya waiwaya ba. "Ku da kuka fasa kwalbar maciji wancan watan."

Mai Sawu ya tashi ya tare shi. "Wa ya koya maka wannan tafiyar?"

"Wace tafiya? Au. Tsohon Malam mana. Dokarsa ce: ba a tura kaya, don in ka tura hanya kake kallo. Ba a kuma juya wa kaya baya. Ka ja shi kana kallonsa, in zai zame ka gani. Hanya kuwa ƙafarka ta haddace. In ya kama ka kana turawa, mako guda kana wanke kwalabe."

"Ku nawa kuka rage da kuka koya a hannunsa?"

Kafinta ya buɗe baki zai ƙirga, sai ya rufe. Ya dubi madubin, ya ce yana da aiki.

*

Aka tara su a ɗakin duwatsu da yamma: Darakta, Kafinta, Goggo, shugaban magina, biyu daga cikin matasan, da Maigadi tsakanin 'yan sanda biyu. An zagayo da tsohuwar amalanke, an ɗora mata bulo naɗe da bargo. Mai Sawu ya sa an barbaɗa filasta a tsakar ɗakin.

"Ba wani abu ba ne," ya ce. "Kowa ya kai mini wannan kayan can bango, kamar mai fashewa ne."

Matasan suka tura. Shugaban magina ya tura da hannu ɗaya. Darakta ma ta tura. Kafinta ya ja tsaki, ya zagayo ya ja da baya. Takunsa mai faɗi ne, ya kusa ninka wanda ke cikin lungu.

"Ba ɓarawo ne ya yi dabara ba," in ji Mai Sawu. "Ma'aikaci ne ya yi aiki yadda aka koya masa. Hannunsa bai san wata hanyar ba, ko da ya so. Saura mutum biyu."

Maigadi ya matso kafin a kira shi. Ya kama amalanken ya ja ta da baya har bango, ya sake ta, ya juyo.

"Ni ne," ya ce. "Ni na ɗauka. A rubuta."

"Duba bayanka, ɗan'uwa."

A cikin filastar, kowane taku na hagu ya bar dogon layin jan ƙafa.

"Babu wannan a lungu, ko sau ɗaya," in ji Mai Sawu. "Bakinka zai iya ɗaukar laifin, ƙafarka ba za ta iya ba."

"Na yi a hankali ne ranar."

"Yaya, ya isa," in ji Goggo tana duban Maigadi.

Ba ta taɓa amalanken ba. Ta tsaya inda take, hannayenta a haɗe, ta yi magana da muryar da take yi wa 'yan makaranta bayani.

"Malam ya ji za a rufe dutsen, ya ji za a rushe ajin. Ya ce mini yana so ya zauna da su biyun a wuri ɗaya, sau ɗaya. Na roƙi Darakta."

"Na ce a kawo shi nan ɗakin," in ji Darakta. "Na ce zan aika mota. Dutsen ne na ce ba zai motsa ba."

"Kin faɗa, ranki ya daɗe. Amma nan bai san shi ba. An gina shi idonsa ya riga ya tafi. Can kuwa ƙafarsa ta san kowane rami. Na kai dutsen lokacin da magina suka tafi cin abinci, na karɓi makullin baya a wurin Yaya, na ɗauko Malam. Ya yini yana taɓa abubuwa yana kiran sunayen yaran da wasunsu suka riga suka mutu. Na mai da shi gida, na dawo in mai da dutse, na iske bango. Ta matakalar baya kuwa ni da Yaya ba za mu iya sauko da shi ba. Muka ce da safe zan same ki in faɗa miki. Kafin in iso, 'yan sanda da 'yan jarida sun cika harabar."

"Sai kika yi shiru," in ji Sufeto.

"Ni na ce ta yi," in ji Maigadi. "In ta faɗa, gobe jarida za ta ce Tsohon Malam ya sa an saci dutsensa. Karanta masa ake yi kullum. Na ɗauka za ku riƙe ni ku gaji ku sake ni."

"Shi ya ce, ni na yarda," in ji Goggo. "Ina kwana a gadona yana kwana a siminti. Ba wanda ya ɗaure mini baki."

Sufeto ya dubi Darakta. "Ranki ya daɗe, ke kika kai ƙara. Me kika ce?"

Darakta ta dubi dakalin.

"Ajin nan mallakar gidan ne har ranar da za a rushe shi," ta ce. "Dutsen bai fita daga gidan ba. Na kai ƙarar sata, kuma ba a yi sata ba. Na janye." Ta juya ga Goggo. "Amma an ɗauki abin da na ce kada a ɗauka, an bar mutum a tsare. Ki ba ni makullanki. Ba ke za ki jagoranci baƙi ranar buɗewa ba, sauran kuma hukumar gida za ta duba. Zan gaya musu duk abin da na ji yau, har da nawa."

Goggo ta ciro makullan daga jakarta ta ajiye a kan dakalin.

"Maigadi fa?" in ji Mai Sawu.

"Ya ba da makulli ba izini, ya yi wa hukuma ƙarya. Gargaɗi ne a rubuce. Ƙofarsa tana nan, fanshonsa yana nan."

"Ƙaryar da ya yi mini kuwa," in ji Sufeto, "ya riga ya biya ta da kwanan siminti."

Kafinta ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce ƙurar filasta ce.

*

A harabar gida Sufeto ya miƙa wa Maigadi hularsa da agogonsa, ya zaro kuɗin mota.

"Riƙe abinka, yallaɓai," in ji Maigadi. "A motarku zan koma."

"Baba, ba ka gaji da motar nan ba?"

"A ƙofar gidana kuka ɗauke ni, ina cin abinci, jikokina suna kallo. Mai shagon kusa da mu har kan benci ya hau don ya gani da kyau. In na koma a motar haya za a ce beli aka ba ni. Kai za ka kai ni, ka fito da kakinka, ka faɗa musu da bakinka."

"Me zan ce?"

"Ka ce ban yi sata ba. Kada ka ƙara komai, kada ka ambaci kowa."

Sufeto ya dubi Mai Sawu. Mai Sawu ya ce shi zai nemi tasha da ƙafarsa.

Sufeto ya buɗe ƙofar baya. Maigadi ya girgiza kai, ya zagaya yana ɗingishi, ya buɗe ta gaba ya zauna.